Zaman Gidan Haya a Cikin Yisti

Yistin burodi yana da ƙwayoyin gado kusan 6,000, an cusa su a kuromosom 16 kamar 'yan gidan haya, bango na jingine da bango. Duk da haka, in aka kunna ɗaya, maƙwabciyarta takan ci gaba da barcinta. Makunnin kowace yana dab da ƙofarta, muryarsa ba ta nisa, saɓanin na ɗan Adam mai iya kira daga wata unguwa. Furotin irin su Reb1 da Abf1 suna tsare tsakani, kamar dattawan da ke hana gulma tsallake katanga. Sai dai ƙwayoyin gado GAL1 da GAL10 sun yi tarayya a makunni guda: da sukarin galaktos ya shigo, gulukos kuma ya ƙare, tare suke farkawa.