Yadda Ake Sayen Jiri da Dala

Da farko ka yarda da hoton. Kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa sun kashe kuɗi wajen ɗaukarsa: farin yashi, itacen kwakwa ya sunkuya, ruwa shuɗi a kwance luf, ga wata baiwar Allah da malafa tana ƙyalƙyala dariya ba wanda ya ba ta labari. Hoton gaskiya ne. Haka Bahamas take, haka Barbados take. Hanyar zuwa ce kawai mai hoton ya manta bai ɗauka ba, kai ma kada ka tambaya. Mai yawan tambayar hanya yakan fasa tafiya, ga shi ka riga ka gaya wa mutanen unguwa.

Sai zaɓen lokaci. Dillalin tafiye-tafiye zai ce maka manyan guguwoyin Atlantika daga 1 ga Yuni suke zuwa 30 ga Nuwamba, saboda haka daga Disamba zuwa Maris sai hamdala. Rabin maganar ya faɗa. Guguwar zafi ta sauka daga aiki, ta miƙa wa ta sanyi, wadda ke tasowa daga arewa. Ka zaɓi Janairu, bayan an watse daga bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da farashi ke karyewa. Idan zuciyarka ta raya maka cewa araha ba ta ado, ka ce ta yi haƙuri, nan da kwana biyu za ta sami dalilin tashi.

Babban sirrin yana tashar da za ka hau. Wanda ya hau a Miami da yamma ya wayi gari a Nassau ta Bahamas, me ya gani? Kai ka hau a Niyok, ko Bayonne da ke tsallaken ruwa a jihar New Jersey, ko Baltimore. In kana da ɗan'uwa a Bronx ta Niyok, shi zai ba ka wannan shawarar da kyakkyawar niyya, don ba sai an sayi tikitin jirgin sama ba. Daga can sai ka yi wajen kwana biyu a kan teku kafin ka cire rigar sanyi, kuma dole ka gaisa da Cape Hatteras, wani hancin ƙasa a jihar North Carolina. A nan ne ruwan ɗumin da ake kira Gulf Stream, wanda ke gudu a cikin teku daga Florida ya nufi arewa, yake haɗuwa da iskar sanyin da ta gangaro daga Kanada. Ɗumi a ƙasa, sanyi a sama, hadari ya sami uwa da uba. Idan kuma iska ta buso daga arewa maso gabas, sai ta yi karo da ruwan da ke tafiya arewa, igiyoyin su miƙe tsaye, su matso kusa da juna, wannan ba ta gama da jirgi ba waccan ta iso. Matuƙan da suka gabace ka sun yi wa wurin laƙabi da maƙabartar Atlantika. Ba a saka wannan a takardar talla ba, wataƙila fili ne ya ƙare.

Wani zai ce ai jiragen yanzu garuruwa ne sukutum, teku ba ta iya musu. To, Anthem of the Seas na kamfanin Royal Caribbean tsawonsa mita 348 ne, kuma sabo ne fil lokacin da ya tashi daga Bayonne a Fabrairun 2016 da fasinjoji fiye da 4,500, ya nufi Florida da Bahamas. Ranar 7 ga watan ya haɗu da iska mai gudun fiye da kilomita 160 a awa daura da Hatteras. Aka umarci kowa ya shige ɗakinsa ya zauna, kujeru suka yi ta yawo a zauruka ba mai su, tukwanen furanni suka farfashe. Da gari ya waye jirgin ya juya akala ya koma inda ya fito, ba wanda ya ga kwakwa ko ɗaya. Kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya kuma ƙara musu da rangwamen kashi 50 cikin 100 a tafiya ta gaba. Ni dai wannan ƙarin ne ya fi burge ni. Sai mai cikakken sanin ɗan Adam zai yi wa wanda ya kwana rungume da ƙafar gado tayin ya dawo a rabin farashi.

A Janairun 2018 Norwegian Breakaway ma ya ɗanɗana nasa yana dawowa Niyok daga Bahamas, fasinjoji suna ta ɗaukar bidiyon ruwa yana malala a cikin jirgi. In kuwa daga Ingila za ka tashi, ka nufi Madeira ko tsibiran Kanari ko Karebiyan, rabonka yana mashigin Biscay, tsakanin Faransa da Sifaniya, inda zurfin teku ke tsinkewa daga fiye da mita 4,000 ya koma ƙasa da 200, igiyoyin da suka taso daga tsakiyar Atlantika su zo su taru. A nan kam zan ajiye wasa. A Nuwambar 2023 jirgin Spirit of Discovery yana dawowa daga Kanari ya shiga hadari a Biscay, kimanin mutum 100 cikin fasinjoji wajen 1,000 suka ji rauni, ɗaya ya rasu daga baya. Idan aka ce ka zauna a ɗaki, ka zauna.

Mai son a tsawaita masa sai ya nemi Hawai daga Los Angeles ko San Francisco. Kimanin kilomita 4,000 ne, kwana huɗu zuwa biyar babu tudu ko na ɗaga ido, a daidai watannin da arewacin Fasifik ke aiko manyan igiyoyin da 'yan wasan hawan ruwa ke tururuwa zuwa tsibirin Oahu dominsu. Su a kan allo suke hawansu na 'yan daƙiƙoƙi su sauka. Kai da akwatinka za ka hau, zuwa da dawowa.

Yanzu ɗaki. Ka nemi mafi tsada, can ƙololuwar bene, a goshin jirgi, mai baranda, don duk wanda ya ga hoto ya san ka isa. Wanda ya taɓa zama kujerar ƙarshe ta bas a hanya mai gargada ya san lissafin: na tsakiya yana gyangyaɗi, na baya kansa yana gaisawa da rufi. Haka jirgi yake, goshi da wutsiya su ke shan tashi da faɗuwa, sama kuma ta fi ƙasa lilo. Wurin da ya fi natsuwa shi ne tsakiya, a benen ƙasa-ƙasa, in da hali mai taga, inda talakan fasinja yake sharar barcinsa. Amma wa zai biya dubban daloli ya kwana kusa da ma'aikata?

Dillali zai kwantar maka da hankali cewa jirgin yana da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu hana shi tangaɗi. Akwai su, suna kuma aiki. Suna rage kwanciyar dama da hagu sosai. Sunkuyon da goshi ke yi ya ɗago, wanda shi ne yake kwance wa mutum ciki, wannan ba huruminsu ba ne.

Da kun fita teku ka koyi sauraren kyaftin. Kullum da tsakar rana zai yi magana ta lasifika da murya mai sanyi, kuma ba a taɓa jin ya ce guguwa na tafe ba. Cewa zai yi wataƙila a ji ɗan motsi da daddare, a riƙe ƙarfen bango, mata su ajiye takalma masu tsini. In ya ambaci lamba, ma'aunin Beaufort yake nufi, wanda wani hafsan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Lamba 8 iska ce mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, 12 kuwa daga 118 zuwa abin da Allah ya yi. Amma ka fi samun gaskiya a wurin masu shara. Idan ka ga an zubar da ruwan wurin iyo an shimfiɗa raga a kai, an ɗaure kujerun shan rana da igiya, an kulle ƙofofin fita waje, sannan aka jera fararen jakunkunan takarda a bakin kowace matattakala ba wanda ya ce uffan, to ba na tsaraba ba ne. Ɗauki biyu.

Daren farko ba za ka rasa abokan hira ba. Ƙarafan rataye riguna za su fara kiɗa a cikin kabad, ƙwal, ƙwal, su yi shiru har ka fara lumshe ido, su ci gaba. Aljihun tebur zai buɗe kansa a hankali, ya tsaya, ya rufe da ƙarfi. Labule zai bar bango ya karkato cikin ɗaki ya tsaya a haka na ɗan lokaci. Kwalbar turaren da ka manta a gaban madubi za ta gangaro ta wuce ƙarƙashin gado, ta dawo, ta sake wucewa. Can ƙasa kuma, duk lokacin da goshin jirgi ya daki igiya, sai ka ji dum, girgizar ta biyo ƙarfe har haƙoranka. Tashi ka kwashe ƙarafan ka zube su a ƙasa, ka cusa tawul a bakin aljihun, ka kwanta rigingine. Kada ka kama tunanin labarin Annabi Yunusa kana lissafin wanda za a jefa a cikin maƙwabta. Yanzu ba a yin ƙuri'a.

Jirin da kake ji rigima ce tsakanin kunne da ido. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke auna motsin jiki, suna kai wa ƙwaƙwalwa rahoto cewa ana lilo. Ido yana kallon bangon ɗaki yana rantsuwa cewa komai a tsaye yake. Alƙali ya rasa wa zai gaskata, sai ya yanke wa ciki hukunci. Shi ya sa ake cewa ka nemi taga ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, don shaidun biyu su daidaita. Ka ajiye waya da littafi. Ƙwayoyin maganin jiri, irin su meclizine da cinnarizine, tun kafin abin ya fara ake sha, amma namiji ba ya shan magani sai ya faɗi, don haka ka jira har sai babu abin da ke zama a cikinka. Akwai kuma filastar scopolamine da ake mannawa a bayan kunne, mai aikin kwana uku. Tana busar da baki, tana iya dushe gani, kuma ba ta dace da masu wani nau'in hawan ruwan ido ba, wannan sai ka tambayi likita kafin tafiya. Citta ma tana taimaka wa wasu. In ka ji kunya, ka tuna Nelson, babban gwarzon sojan ruwan Ingila, ya yi rayuwarsa yana fama da wannan jirin, Charles Darwin kuwa daga 1831 zuwa 1836 ya yi ta kwasarsa a jirgin Beagle.

Abinci ka riga ka biya, dare da rana, iya cikinka. Ka je ka kalle shi. Ga naman sa, ga kifi, ga kek hawa-hawa, ma'aikaci kuma zai dube ka da tausayi ya miƙo maka koriyar tuffa da busasshen biskit, abincin da ya fi tsada a tarihin rayuwarka. Ka ci, don ciki wayam ya fi saurin juyawa, ka guji maiƙo. A hanyar komawa ɗaki kowa layi yake yi, wanda ya sha da Alhajin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ba mai iya bambance su. Kada ka tsaya bayani, hannunka ɗaya a ƙarfe.

Batun salla ka shirya masa tun a gida. Ƙarfen jirgi yakan rikita kamfas ɗin waya, gara ka duba talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna inda jirgi ya sa gaba, daga nan ka gane alƙibla. Malamai sun daɗe da yin sauƙi ga wanda tsayuwa ta gagare shi a cikin jirgi, ya yi a zaune. Ka karɓi sauƙin. Ruku'u a lamba 9 yakan wuce da mutum sujada bai shirya ba.

A kwana na uku ruwa ya lafa, rana ta fito, ga tsibiri can kore shar. Kada ka yi saurin shafa man rana. Wasu tsibiran, kamar Grand Cayman, ba su da inda ƙaton jirgi zai jingina, sai ya tsaya nesa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Igiyoyin da hadarin arewa ya turo sukan biyo ku har can, ga kuma iskar da mutanen Karebiyan ke dangantawa da Kirsimeti saboda lokacin da take ƙarfi. In ƙaramin jirgi yana tsalle a gefen babba, kyaftin zai ba da haƙuri, a ɗaga wa tsibirin hannu, a ƙara muku rana guda a teku da gasar kacici-kacici. Kafin ka ɗaga murya a teburin karɓar koke, karanta ƙananan rubutun tikitinka. Ka sa hannu cewa kamfani na iya sauya hanya saboda yanayi, abin da akan mayar maka shi ne harajin tashar da ba a tsaya ba. Masu zuwa Kanari kuma wani lokaci hazon Sahara ne ke tarbarsu, a Fabrairun 2020 sai da ya rufe filayen jiragen saman tsibiran. Ka ƙetare Biscay da kuɗinka ka je kallon abin da ake samu kyauta a Katsina.

Akwai masu ɓata wasa, su hau jirgin sama zuwa San Juan ko Bridgetown a cikin Karebiyan, su shiga jirgin ruwa a can, su yi ta zagaya tsibiran da ke kusa da juna suna kare su daga buɗaɗɗiyar teku. Waɗannan sukan dawo da ƙiba da hotuna, ba su da labari. Ko masu bin ta Hatteras ɗin ma da yawa sukan wuce sumul, su dawo suna ƙaryata ka.

Ranar da ka sauka za ka ji tashar tana lilo, kwana ɗaya ko biyu ƙasa ba za ta tsaya maka cak ba, musamman a banɗaki in ka rufe ido. Kunne ne bai sami labarin an iso ba. In ya ɗauki makonni, ka ga likita. Amma kafin nan akwai tarko guda. A cikin jirgin akwai ofishin da ake ajiye kafin alƙalami na tafiyar baɗi, da rangwame na musamman ga wanda ya biya kafin ya sauka, kuma a yammacin da ruwa ya kwanta har layi ake yi a ƙofarsa. Tun da safe ka ba Hajiya katin banki ta riƙe.