Kabewa Guda, Gida Biyar

Mu nan layinmu a Kubwa, kowa da katangarsa, kowa da kwaɗonsa, sai a yi mako biyu ba a ga juna ba. Amma bari wata ta leƙa kasuwar Gosa ranar Juma'a, ta dawo da kabewa guda daga hannun matan Gbagyi. Kafin la'asar yara sun yi sallama a gida biyar, kowanne da yanki a faranti.

Ba wai kyauta ce ta yi mana yawa ba. Kabewa in ba a fasa ta ba, sai ta yi watanni a lungun kicin lafiya lau. Da wuƙa ta shige ta kuwa, kwana uku ta fara yauƙi, ga wutar da ba ta zama balle a dogara da firij. To, ina mafita in ba rabo ba?

Wajen zaɓe ne kowacce ta zama malama. Hajiya ta gidan kwana ƙwanƙwasa ta take yi, ta kara kunne, kamar wani zai amsa daga ciki. Ni dai abin da Inna ta koya min a Zariya nake bi: ki ɗaga ta, ki ji ta fi girmanta nauyi, inda aka tsinke ta ya bushe ƙayau, farce kuma ya kasa huda ɓawon. In yankakkiya ce a kasuwar Dei-Dei, sai ki ce, "Malam, juyo min cikin in gani." Mai ruwan goro sosai ita ce mai gari. Mai haske-hasken nan ruwa ne zalla, ko kyauta aka ba ki kin yi asarar gas.

Maƙwabciyarmu 'yar Inugu, ranar da na ce mata famkin zan dafa, damin ganyen ugu ta aiko min. Har yau muna dariyar.

Rigimar gaske tana tukunyar taushe. Manya sun ce a dafa ta cikin romon ƙashi har ta yi lugub, a farfasa da ludayi, sannan gyaɗa da daddawa su bi, alayyahu da 'yar yakuwa a ƙarshe don tsami. Amaren layin kuwa bilenda suke jefa ta.

"Hajiya, ai duk ɗaya ne."

"Ɗaya ne a ina, 'yar nan? Wannan kunu kika dama wa waina."

Bara wata ta watsa 'ya'yan kabewa a bayan tankin ruwa. Damina na sauka ta yi yaɗo, ta haura katanga, ta je ta haihu a gidan Hajiya. Saiwa a nan, kabewa a can. Har yanzu ba a yanke hukuncin mai ita ba, ita kuma sai ƙara girma take.