Buhun da ya samu aikin ofis

Ranar Talata ɗan ƙanwata ya sallamo da sassafe, wai in ranta masa dubu biyar ya sha mai. Katin da ke rataye a wuyansa kuwa cewa ya yi shi ne Jagoran Bunƙasa Yankin Kebbe. Jagora guda, da silifas.

Kamfanin nasu shago biyu ne a Tambuwal, bakin titin Sakkwato zuwa Jega, irin waɗanda suka yi ta tsiro tun da Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha a 2022. Manhaja gare su da za ta haɗa manomi da mai saye, a kori dillali. A bango an rubuta da koren fenti cewa nan babu oga, duk 'yan uwa ne. Gaskiya ne kuma, na je na gani. Mai kamfanin ya hana a ce masa oga, sai dai a kira sunansa na yanka. A durƙushe.

Amma abin da ya tsaya mini a rai buhu ne. Wani jan buhu a tsakiyar ofis, cike da ɓarɓashin soso, wai irinsa ma'aikatan Google ke kishingiɗa a kai su yi tunani. Daga Legas aka yi odarsa. Na ce wa ke zama? Yaron ya rage murya: "Kawu, ba a zama. Na hoto ne."

Fanka ɗaya ce a ofishin, buhun take kallo. Da ruwa ya shigo a damina, aka ɗora shi bisa benci, 'yan uwa suka koma tabarma. Ran da za a je Sakkwato ganin masu zuba jari, gidan gaba aka ba shi, har da bel, Jagoran Bunƙasa yana baya rungume da janareta. Hutun Sallah buhun ya yi shi cikakke. Ba a taɓa turo masa saƙon WhatsApp ƙarfe sha ɗayan dare ana tambayar rahoto ba. A ƙasar da kakanninsa suka ƙare a dakon gero da albasa, wannan buhu ya fidda zuriyarsu kunya.

Yaron fa wata uku ke nan bai ga albashi ba. An ce masa lokacin aiki a hannunsa yake, ashe nufin kowane lokaci na aiki ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da kuɗin aljihunsa yake tuƙa babur zuwa Kebbe da Kuchi yana rubuta sunayen manoma, a hanyar da uwarsa ba ta runtsawa sai ta ji tsayuwarsa a ƙofar gida. In ya yi magana a ce ai yana da hannun jari. Hannun jarin me? Na buhu? Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Su tara ne, goma da buhu.

Shi dillalin da za a kora kuwa, Allah ya sani ba waliyyi ba ne, ya sha cin kunnena a cinikin rago. Amma yaron da ya riƙe masa igiya, kafin kasuwa ta watse ya karɓi nasa a hannu, har da kuɗin fura. Dillalin bai taɓa ce wa kowa ɗan uwa ba. "Kai yaro" yake cewa, ya biya. Na ma ji kamfanin ya fara neman dillalai su nemo masa manoma.

Dubu uku na ba ɗan ƙanwar tawa. Na ce ya tambayo mini ko za su sayar da buhun, bayana na ciwo. Ya ce sai an yi taro, kuma ran Alhamis buhun yana da tafiya.