Maigida, Ga Yadda Za Ka Riga Ƙwaro Cin Wakenka

Da kaka ta yi, tireloli suka fara jerin gwano a kasuwar Dawanau, kowane maigida sai ya koma attajiri. Gero ya sauko, wake ya sauko, masara har roƙon mai saye take yi. To Malam, a daidai wannan lokacin ne ya kamata ka tuna da watan Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashin tiya kuma ya yi tashin gwauron zabo. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Fara da lissafi, amma kada ka yi shi a majalisa. Abokanka na shayi ba su san abin da gidanka ke ci ba, kai ma ba ka sani ba. Wadda take auna tiya safe da yamma ita ta sani. Ka shiga ciki ka yi sallama da murya mai laushi, ka ce, "Uwargida, buhu nawa zai kai mu sabon hatsi?" Abin da ta faɗa, ka ƙara masa na baƙon nan da ya zo kwana biyu tun ƙaramar Sallah, da na sunan da kake gani yana tahowa.

Sayen buhu kowa ya iya. Ajiyarsa ce aiki, don akwai masu jiran rabonsu tun kafin ɗan dako ya sauke. Na gaba-gaba shi ne ƙwaron wake, wanda ba ya jiran gayyata: tun a gona yake shiga ƙwayar, a gidanka zai yi aure ya hayayyafa, kafin wata uku ka buɗe buhu ka tarar da gari da huji. Maganinsa hana shi numfashi. Shi ya sa aka yi buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Za ka matse iska, ka murɗe bakin leda ta farko ka ɗaure, ka ɗaure ta biyu daban, sannan na waje. Ƙwarin za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. In ba ka samu ba, jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam zai yi aikin, muddin ka cika shi har wuya.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, hatsin ya bushe ƙayau. Ka zuba kaɗan a busasshiyar kwalba, ka sa busasshen gishiri, ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da hatsinka rana. Na biyu ya fi wuya ga maigida mai zumuɗi: ka daina buɗewa kana leƙawa. Duk leƙawa ɗaya, sabuwar iska ka kai wa ƙwaro kyauta. A ware na cefanen wata daban, sauran a ɗora kan katako nesa da bango, inda danshi da gara ba sa kaiwa. Ɓera kuwa, a toshe raminsa da siminti, a samo kyanwa mai kishin aikinta, ba wadda yara suka sangarta da kan kifi ba.

Nan zan ajiye raha na ɗan lokaci. Don Allah kada ka yayyafa wa abincin iyalinka fiya-fiya ko Sniper. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan gubar da aka samu a cikinsa. Abin da baƙo ya ƙi ci, me zai sa ka dafa wa 'ya'yanka? Ƙwayar maganin nan kuma da ake jefawa cikin buhu iskar guba take fitarwa, ba a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana.

Saura mai ƙafa biyu. Shi ba ya huda buhu, da sallama yake shigowa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan ƙofar sito. Kada ka kore shi, ɗan'uwanka ne, kuma wata rana kai ne a ƙofarsa. Tun ranar saye ka ware buhu guda ka sa masa suna na zumunci. Daga ciki za ka riƙa ba shi da fara'a, ka ba maƙwabciya mai marayu tun ba ta tambaya ba. Ranar da ya ƙare, ka faɗi gaskiya cewa ya ƙare. Mabuɗin sauran kuwa ka danƙa wa uwargida. Ta fi ka iya cewa "sai maigida ya dawo" ko da kana kwance a ɗaki.

Gidan ma yana son nasa tanadin. Magabata da suka yi katangar ƙasa mai kauri da rufin soro a kan azara sun san abin da suke yi: ɗakin na riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu. Mu muka koma bulo da kwano, sai ga shi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, maigida na gasuwa a ɗakinsa kamar tsire a bakin wuta. Kafin ka sayi sabbin kujerun falo, sa silin. Ka bar kafar da zafi zai fita tsakaninsa da kwano, ka dasa darbejiya ta yamma da ɗaki. Da hunturu a toshe kafofin taga da tsumma, a saukar da labule mai kauri, a fito da bargunan yara tun Nuwamba. Kaskon garwashi dai ba ya kwana a rufaffen ɗaki, janareta ma haka. Hayaƙinsu na kashe mai barci bai farka ba.

Yoyo kuma tun Afrilu ake kiran kafinta, ba ranar da aka jera robobi a tsakar ɗaki ana wasan kujera da katifa ba. A yashe kwata kafin ruwan farko. Takardun fili, na makaranta da na haihuwa a naɗe su a leda a ɗora can sama. Wanda ya ga abin da ambaliyar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai tsufa, wanda shi ma ba ya aiko da goron gayyata. "'Ya'yana ne fanshona" magana ce mai daɗi, Allah Ya raya su Ya yi musu albarka, amma su ma za su tarar da nasu kuɗin makarantar. In kana aikin gwamnatin tarayya ko kamfanin da dokar fansho ta 2014 ta shafa, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinka, mai aikin ya ƙara kashi 10. Kuɗinka ne, ka riƙa neman bayanin asusunka ka ga ko da gaske suna shiga, ka kuma gyara sunan magaji in har yanzu na abokinka na zamanin gwauranci ne a rubuce. Tela, direba da mai shago su ma an buɗe musu ƙaramin tsarin fansho tun 2019, suna zubawa daidai ƙarfinsu. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi asusun da ba ya mu'amala da riba, akwai shi.

Kada dai ka tara komai wuri guda. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, masu miliyoyi a banki sun yi layi suna neman dubu biyu ta cefane. A 2024 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ya cusa kuɗi a matashin kai ya tashi ya tarar sun rame. Saboda haka 'yan canji kaɗan a gida, wasu a asusu, wasu a adashen da ka san uwar adashen da inda take kwana, wasu kuma a tunkiya mai haihuwa, wadda ba ruwanta da matsalar netwok.

Albashin wannan watan ko cinikin wannan makon, cire kuɗin buhu ɗaya tun kafin ka zauna a majalisa, ka nufi kasuwa da igiyar ɗauri a aljihu. In buhu ya fi ƙarfinka, fara da tiya biyar a jarka, Allah Ya sa albarka.