Zuwa ga Bawana Babarbare na Karar Wudil

Modu, bawana, labari ya iso ruga. An ce ranar Juma'a a Kara wani ɗan maraƙi da ko ƙaho bai fitar ba ya ture ka, ka dafa ƙasa, wuyan hannu ya ce ƙaras. Yanzu ga ka nan maɗori ya ɗaure ka da karare, kana cin burabusko da hagu. Sannu. Amma fa kar ka ɗora wa maraƙi laifi, ƙashinka ne ya daɗe da zama holoƙo.

Likitoci sun ce ƙashi rumbu ne: ana zuba masa tun yarinta har wajen shekara 30, daga nan sai ɗiba. To kai me ka zuba? Lokacin da nake bin shanu daga bakin kogin Wudil har Gaya, rana na dukana, ina kafa kai a ƙwaryar kindirmo, kai kana kwance a rumfa kana turara babbar riga. Tafiyar nan da kake yi mini dariya a kanta, ita ke sa ƙashi ya yi tauri. Ranar da kake gudu kuwa, da ita fata ke haɗa bitamin D, wanda in babu shi hanji ba ya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata. Baligi na buƙatar kusan miligiram 1,000 na kalsiyam kullum, kofin nono ɗaya na ba da wajen 300. Kai naka kofin na shayi ne, sukari har ya tsaya, sai sigari a bayan rumfa, wai ba mu sani ba.

Na san abin da za ka ce: Bafillace siriri kamar a hure. Gaskiya ne rama mai yawa ita ma tana raunana ƙashi. Sai dai tumbin nan naka ba na gado ba ne. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake haɗawa da dexamethasone, in aka daɗe ana sha, kumatu su cika, ƙashi ya zaizaye ba ciwo ba alama, sai ranar da aka faɗi.

Uwargidanka Ya Falmata ma, wadda ta fi ka hankali, ka kula da ita. Mace in al'ada ta ɗauke, ƙashinta kan ragu da sauri fiye da na namiji. A yawaita mata miyar kuka da zogale da riɗi, da ƙananan kifin nan na bakin gada da ake taunewa har ƙaya.

Kai kuma, mutumin da ya haura hamsin ya karye daga faɗuwar tsaye, ɗori kaɗai bai ishe shi ba. Hau mota ka tafi Asibitin Ƙashi na Dala a duba ka. In ka dawo ka biyo ta ruga, nono kyauta ne ga bawa, amma ka zo da ƙwaryarka.