Kai Amaryar Ruwa: Yadda Za Ka Hana Igiyar Tampol Cin Fentin Jirginka

Duk wanda ya tara kuɗi ya sayi jirgin ruwa na faiba, ya ɗora shi a tirela zai ja shi daga Legas zuwa Yawuri, to ya sani amarya ya ɗauko. Fata na sheƙi, an lulluɓe ta da tampol don kada rana da ido su taɓa ta. Amma sau da yawa idan aka isa aka yaye lulluɓi, sai a tarar da zane a kumatu biyu, 'yan tarba su hau salati. Direba ya rantse bai gogi kowa ba, kuma gaskiyarsa ce. Igiyar da aka ɗaure tampol da ita ce ta yi wannan aika-aika.

Sheƙin nan da ke ɗaukar ido wani siririn ɓawo ne da masu aikin faiba ke kira jelkot, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Idan mota na gudun kilomita 80 a awa, iska na shiga ƙarƙashin wannan igiya, wato bel, ya yi ta karkarwa yana dukan wuri guda. Ƙurar hanya ta shiga tsakani, kowace karkarwa ta zama guga. Tun daga Ibadan ake aikin, a wuce Ilorin, a haye gadar Jebba, kafin a kai Kontagora an gama. Ga yadda za ka hana.

Na farko, wanka kafin lulluɓi. Wanke jirgin tas da ruwa da sabulu, musamman bakinsa da gefensa inda bel zai kwanta. Wanke bel ɗin shi ma, ka kakkaɓe cikin tampol, ka bari komai ya bushe. Idan lokacin hunturu ne, kada ka wanke yau ka ɗaure gobe, domin kafin gari ya waye hazo ya sake yi masa hoda.

Na biyu, a ɗinka wa amarya nata kayan. Tampol ɗin da ka aro wajen maƙwabci, wanda ake shanya shinkafa a kai, a bar shi a masussuka. Wanda ya yi wa jirgi yawa zai cika da iska, ya yi ta marinsa har a isa, ƙarafunan ramukansa kuma su bar tabo. Nemi wanda aka yanka daidai jikin jirgin, mai laushi daga ciki. In babu, cire kujerun da iska za ta iya ɗauka ka tafi da shi a buɗe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙura dai ruwa ke wanke ta.

Na uku, saka wa bel safa. Wannan ita ce uwar shawarwarin. Duk inda bel ya taɓa jirgi, a samu abu mai laushi a tsakani. Tsohuwar safa mai kauri ta wadatar: yanke bakin yatsun, ka zura bel a ciki, ka jawo ta daidai kan kusurwar jirgin, ka ɗaure ta da zare don kada ta zame. Tsohon tawul ko farin ƙyallen auduga ma suna yi. Amma a kiyayi atamfa mai zuba, domin ruwan sama ɗaya zai bar wa farin jirgi lalle da ba a nema ba. A kiyayi robar tsohuwar taya, tana barin baƙin layi. Buhun leda shi ma kartawa yake yi. Tawul ɗin kuma a nemi izinin uwargida kafin a ɗauka, kada a ceci fenti a rasa tuwon dare.

Na huɗu, murɗa bel sau ɗaya. Bel ɗin da ya miƙe shafal tsakanin jirgi da ƙarfen tirela shi iska ke kaɗawa har ka ji yana kuka. Ka yi masa murɗi guda a wannan tazarar, iska ta rasa inda za ta kama, kukan ya mutu. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun daɗe da sanin wannan, kuma ko kwabo ba a biya. Murɗin ya tsaya a sarari, inda bel ya kwanta a jikin jirgi kuwa ya kwanta a shimfiɗe.

Na biyar, ƙarfe ba ya gaisawa da fenti. Ƙugiya da ƙarfen matse bel su sauka can ƙasa a jikin tirela. Ragowar bel da ke reto kuma a naɗe ta a ƙulle. Wannan 'yar wutsiya da ake rainawa ita ce ke tsula wa jirgi bulala tsawon yini ba tare da ya yi laifin komai ba.

Na shida, a ja kunnen yaron mota. Akwai mai ƙarfin da in ya kama bel sai ya ji jirgi ya yi ƙara kafin ya ce, “Oga, yanzu ya ɗauru.” Bel ɗin tampol aikinsa ya hana tampol motsi, sai a matse shi daidai nan. Riƙe jirgin a kan tirela aikin wasu madauran ne daban, na gaba da na baya, kuma su ma suna son safarsu. Idan da zaɓi, sayi bel na foliyesta, domin na nailan yana saki in ya jiƙe.

Na bakwai, tsaya ka duba. Bayan kilomita 20 na farko, faka a wuri mai aminci ka zaga jirgin, domin a nan madauri ke fara saki. Daga nan duk tsayawar shan mai ko salla, zura hannu ƙarƙashin safa. In ka ji yashi, kakkaɓe. Direba zai ce ana ɓata lokaci, ka tuna masa cewa sannu ba ta hana zuwa.

Idan kuma aikin gama ya gama, dubi zurfin ciwon. Dusashewa ta sama, man goge fenti da ƙyalle mai laushi na iya kawar da ita. Amma in farcenka ya maƙale a cikin zanen, ko ka hango zaren faiba, kai wa mai gyara kafin jirgin ya shiga kogi, domin ta nan ruwa ke samun ƙofa.

Malam mai jirgi, kuɗin safa da sabulu ba su kai na kwanon abinci a tasha ba, gyaran jelkot kuwa sai an zauna an yi ciniki. Tanadi tsummokaranka tun daren tafiya, ka duba kowane bel da hannunka kafin a tayar da mota. Allah ya kai ku lafiya.