Zoben da Ya Fi Ƙarfin Zarto

Masu tara kayan adon finafinai mutane ne masu wuyar sha'ani, kuma ina cikinsu. Wani tattabaru yake tarawa, wani agoguna. Mu abin da ke hana mu barci shi ne idanun macizai biyun da ke jikin zoben Barahir, wanda Aragorn ke sawa a fim ɗin The Lord of the Rings: korayen duwatsu aka sa yadda Tolkien, marubucin littafin, ya siffanta, ko mai kamfani ya ga ja ya fi araha ya liƙa? A wani tsohon gwangwanin alewa a ɗakina akwai koren ganyen nan da ayarin Frodo ke maƙale alkyabba da shi. Na kuma taɓa saya wa uwargida sarƙar Arwen. Ta auna ta a tafin hannu, ta tambaye ni giram nawa ce. Na ce ba gwal ba ce, kuma a littafin ma babu ita da wannan siffa, masu fim ne suka ƙirƙiro ta, wata mai suna Jasmine Watson ta zana. Yanzu haka tana cikin kwabet tare da maɓallai da tsofaffin makullai.

Uban gayyar ne ya rage mini, wato zoben Sauron, azzalumin sarkin labarin. A nan malaman harkar suka rabu. Zobban da aka yi fim ɗin The Lord of the Rings da su, wani maƙerin zinariya ne mai suna Jens Hansen ya ƙera a garin Nelson na ƙasar Niyu Zilan, wajen guda 40, manya da ƙanana, har da wani ƙato na ɗaukar hoto kusa-kusa. Bawan Allah ya rasu a 1999, bai ga fim ɗin farko da ya fito a 2001 ba. A labarin, rubutun jikin zoben ba ya bayyana sai an jefa shi a wuta, shi ya sa 'yan a-bi-ƙa'ida ke cewa zoben gaskiya sumul yake, babu ko ɗigo. Ni kuwa na ce in kashe kuɗina in sayi zoben da ba wanda zai tambaye ni labarinsa? Mai rubutu nake so.

Sai batun gwal, wanda bai halatta ga namiji ba. Azurfa kuma fara ce, kuma farin zoben Sauron abin kunya ne a cikin jama'armu. Mafita ta zo a intanet: wani ƙarfe da ake kira tangistin, an rina shi launin gwal, an zana rubutun ciki da waje. Tallar ta ce ba ya karcewa, ba ya lanƙwasa. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Na auna yatsana da zare wata safiya ana tsakiyar hunturu, na duba lambar Amurkawa da ta dace, na biya. Kaya bai iso ba sai da bazara ta kankama. Ranar ɗaurin auren ɗan yayana na murɗa shi ya shiga da ɗan ƙarfi, na sha babbar riga, na riƙa miƙa hannu ana gaisawa ko Allah zai kawo mai tambaya. Ba wanda ya tambaya. Aka sha rana, aka ci shinkafa mai gishiri. Da la'asar na zo alwala, na nemi in motsa zoben ruwa ya shiga, ya ce bai san zancen ba. Tolkien ya ce zoben yakan canza girma da kansa, har ya suɓuce daga yatsan wani sarki mai suna Isildur a kogin Anduin aka harbe shi. Nawa tsukewa kawai ya koya. Kafin magariba yatsan ya tashi kamar ƙosai a mai.

A cikin gida mata suka taru a kaina. Aka sa sabulu, aka sa man gyaɗa, aka tsoma hannun a ƙanƙara, wata ta naɗa zare ta ja har na ambaci sunan kakana. Ana cikin haka Gwaggo ta gyara tabarau ta kama hannun.

"Kai, wannan wane irin ajami ne?"

Dama ta samu. Tun safe nake jiran wannan tambaya, ciwo kuwa ba zai hana ni amsawa ba. Na ce, "Gwaggo, Baƙin Harshe ne na ƙasar Mordor, amma an rubuta shi da baƙaƙen wasu halittu masu kama da mutane, waɗanda ba sa tsufa."

"Aljanu ke nan."

"A'a, Gwaggo, labari ne. Wani azzalumin sarki ne ya ƙera shi a cikin dutse mai aman wuta don ya mallake masu sauran zobba."

"To me yake yi wa wanda ya sa?"

"Ɓacewa yake yi, a daina ganinsa."

Ta saki hannuna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Layar zana! Kai da ubanka ya kai ka makarantar allo da hannunsa?" Na ce ai Bature ne ya rubuta littafin, farfesa a Jami'ar Oxford, an buga shi a 1954 da 1955. Ta ce su Turawa ba su da bokaye ne? Ta shiga yi wa yatsan tofi. Uwargida tana gefe, ba ta ce uffan ba, sai kafaɗunta da ke rawa a cikin mayafi.

Bayan isha'i aka kai ni wurin wani maƙerin zinariya da ya saba yanke zobban da suka maƙale. Ya zura ɗan ƙarfe a ƙarƙashi don kare fata, ya ɗauko zarto, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, yanzu-yanzu." Ya goga, ya goga. Launin ya kankare, ƙarfen ko gezau. Ya canza zarto, shi ma haƙoransa suka mutu. Sai na tuna Gimli a fim, da ya kai wa zoben sara a taron Elrond gatarinsa ya tarwatse, na ji wani irin alfahari ya ratsa ni a tsakiyar azaba: kayan nan dai bai yi ƙarya ba.

Maƙerin ya share gumi ya tambaye ni yadda aka yi da shi a labarin. Na ce sai da aka mayar da shi cikin wutar dutsen da aka ƙera shi. Yaron shagon, wanda ashe ya kalli fim ɗin, ya sa baki.

"Oga, ai kafin nan da yatsan aka cire."

Gwaggo, da ta nace sai ta biyo mu, ta sa salati.

Wani ɗan ƙanena ne ya latsa waya ya gano bakin zaren. Tangistin ya fi ƙarfin zarto, amma taurinsa ne ajalinsa: ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi in an matse shi. Muka tashi wani bakanike daga kan tabarma. Ya ɗauko filayar nan mai kama abu ta kulle, ya damƙi zoben, yana ƙara matsa sukurin kaɗan-kaɗan, yana tambayata nawa na saya. Na faɗa. Ya dube ni, ya ƙara matsawa. Ƙas! Zoben ya tarwatse a ƙasan gareji.

Gwaggo ta tsince gutsattsarin da gefen zani, ta ƙulle a tsumma, ta ce gobe a jefa su a kogi. Na ce ai a kogi ya kwanta kusan shekara 2,500 kafin wani mai kamun kifi ya tsinto shi, fitina ta dawo sabuwa. Ta gode mini da wannan gargaɗi, ta zuba su a masai.

Washegari wajen yinin biki labari ya riga ni isa. Yara suna bina suna roƙon in ɓace su gani. Can Kawu ya ja ni bayan rumfa, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗana, irin zoben nan, akwai saura a wurin mutanen? Masu bina bashi sun gane gidan amaryata."